Fodkas: Baƙuwar Kalma a Zangon Kumasi

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar Ingilishi ta podcast, ya ɗauko ƙamus da niyyar warware ta gaɓa-gaɓa, zai dawo da abin dariya. Zai tarar pod na nufin kwasfa, irin ta wake ko ta koko, cast kuma na nufin jefawa. In ya haɗa su sai ya sami "jefa kwasfa", wato aikin da manoman koko na ƙasar Asante suke yi bayan sun fasa 'ya'yan sun kwashe ƙwayar. Wannan kuwa ba shi da wata alaƙa da abin da tela a Aboabo ko mai gyaran waya a Asawase yake nufi idan ya ambaci kalmar, yana maƙale da abin saurare a kunne. Manyan ƙamusoshin da ɗalibin Hausa ya saba da su ma ba za su fitar da shi ba, domin na Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta tsara kuma a 1990. Dukkansu sun girmi kalmar.

A watan Fabrairun 2004 ne wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ya fara jefa ta cikin wani rubutu a jaridar The Guardian ta Ingila, yana laluben sunan da zai dace da wani sabon abu da ya ga yana tasowa: mutane suna ɗaukar muryarsu, suna ɗora ta a intanet, wasu kuma suna saukewa su saurara a ƙananan na'urorin kiɗa. Ya yanko rabin farko daga sunan iPod, na'urar da kamfanin Apple ya fitar a 2001, rabi na biyu kuma daga broadcast, kalmar da Ingilishi yake amfani da ita wajen aikin gidajen rediyo da talabijin. A tsakiyar 2005 Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye gurbi a manhajarsa ta iTunes, kafin ƙarshen shekarar kuma ƙamusun New Oxford American ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekara. A 2022 kamfanin ya daina ƙera iPod ɗin baki ɗaya. Kalmar ta ci gaba da tafiyarta, kuma mafi yawan masu furta ta a Kumasi ko Kano ba su taɓa riƙe na'urar da ta ba ta suna ba.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga Hausa. Faifai asalinsa abin rufe ƙwarya ne da mata suke saƙawa. Da garmaho ya zo, sai aka dubi baƙin abin nan mai faɗi da kewaye da ake ɗora masa allura aka ce faifai ne. Daga nan sunan ya koma kan na CD, yau kuma ana cewa "faifan bidiyo" ko "faifan murya" ga abin da ba shi da kewaye, ba shi da nauyi, ba a ma iya taɓa shi. Babu wanda yake tsayawa ya ce an yi kuskure. Saboda haka mutuwar iPod ba hujja ba ce ta ƙin kalmar. Matsalar tana a rabi na biyu.

Kafin a ƙirƙiri rediyo, kalmar broadcast ta manoma ce. Tana nufin shukar da ake yi ta hanyar ɗibar iri da hannu a watsa shi a faɗin gona, daidai da abin da Bahaushe yake kira yafi, kamar yadda ake yafa shinkafa ko alkama a fadama. Turawa sun ari hoton ne domin su bayyana yadda tasha take sakin murya cikin iska ba tare da ta san kunnen da za ta faɗa ba. Hausa ta bi wannan hanya da kanta, ta ce "watsa shirye-shirye" da "kafofin watsa labarai". Fassara ce mai kyau ƙwarai, domin ta kama ainihin halin rediyo: lokaci ɗaya, murya ɗaya, ga duk wanda ya kunna, wanda ya makara kuwa ya rasa.

To amma fodkas bai gāji wannan hali ba, ko da yake ya gāji rabin sunan. Mai shirya shi yana ɗaukar sauti ne, ya gyara, ya ajiye a wata ma'ajiya ta intanet. Akwai wani tsari da ake kira RSS, wanda Dave Winer da Adam Curry suka taka rawa wajen daidaita shi domin ɗaukar sauti a farkon shekarun 2000. Aikinsa shi ne riƙe jerin dukkan kashe-kashen shirin, ta yadda manhajar da ke wayar mai saurare za ta riƙa leƙawa, in ta ga sabo ta sanar da shi ko ta sauke masa. Mai saurare shi ke zaɓar lokaci. Yana iya tsayar da shirin ya je salla ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, yana iya komawa baya ya sake jin jimlar da ta wuce shi, yana iya neman kashin da aka yi shekara uku da suka gabata. Idan rediyo yafi ne, wannan rumbu ne da mai bukata yake zuwa ya ɗiba. Daga nan ne hukunci na farko ya fito ga mai fassara: jimlar "za a watsa fodkas da ƙarfe takwas na dare" gurguwa ce. Fodkas ana sakin sa, ko a ɗora shi, ko a fitar da sabon kashi. Mai saurare kuma ya sauke shi, ko ya saurare shi, ko ya bibiyi shirin. Aikatau "watsa" a bar wa rediyo.

Akwai wata kalma 'yar'uwarta wadda ta riga ta haihuwa, wato webcast, da ta bayyana a shekarun 1990, sai kuma livestream da ta fi yawo a bakin matasa tun bayan da Facebook ya buɗe wa kowa damar haska bidiyo kai tsaye a 2016. Waɗannan biyu su ne magadan rediyo na gaskiya, domin abin yana faruwa ana kallo ko ana ji. Hausa ba ta bukatar aron ko ɗaya daga cikinsu. "Kai tsaye" ya daɗe yana wannan aiki tun zamanin sharhin ƙwallo da jawabin shugaban ƙasa, don haka tafsirin azumi da ake haskawa daga babban masallacin Kumasi ko bikin naɗin sarauta a zango "ana watsa shi kai tsaye ta intanet", magana ta ƙare. Haka nan saƙon murya da wani ya tura a zauren WhatsApp, ko da ya kai rabin sa'a yana zuba, saƙon murya ne. Abin da ya sa fodkas ya zama fodkas shi ne yana da suna, yana zuwa kashi-kashi, yana da mazauni guda da kowa zai iya zuwa ya same shi.

Mai karatu na iya tambayar dalilin da ya sa aka ɗauki Kumasi aka bar Kano, alhali a Nijeriya ne aka fi yin irin waɗannan shirye-shirye da Hausa, kamar "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba" na jaridar Aminiya. Dalilin shi ne bambancin nan tsakanin abin da aka watsa da abin da aka ajiye ya fi nauyi a zango fiye da ko'ina.

Hausa ta isa ƙasar Asante ne a bayan jakai. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, suna sauke kaya a kasuwar Salaga, kuma Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi 'yan kasuwa da malamai zaune a birnin. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Ingilishi Kumasi a 1896, sai zangon ya cika ya batse da Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa da Fulani da wasunsu. Harshen da ya haɗa su shi ne Hausa, har ta zama harshen uwa ga jikokin mutanen da kakanninsu ba Hausawa ba ne. Sai dai wannan harshe bai shiga aji ba. Cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnatin Gana take ɗaukar nauyin rubuta su da koyar da su, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, babu Hausa. Yaron Sabon Zango ko Yalwa yana koyon karatun boko da Ingilishi da Twi, yana koyon Larabci a makaranta, Hausa kuwa a gida da kasuwa da masallaci yake jin ta. Babu wata Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta yi masa abin da ta yi wa ɗan Zariya tun 1939. Malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, sun bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami, amma wannan gado na malamai ne, ba na kowa da kowa ba.

Inda Hausa ta sami gurbi a hukumance shi ne rediyo. Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra, birnin da fatake suka sani da Ankara, ranar 31 ga Yulin 1935, kuma abin sha'awa shi ne ta waya ake kai shirin zuwa akwatunan gidajen da suka yi rajista. Daga baya gidan rediyon ƙasa, GBC, ya sanya Hausa cikin harsunan gida shida da yake watsa shiri da su. Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus, da Muryar Amurka da ta biyo baya a 1979, sun zama abokan shan shayin safe a zango kamar yadda suke a Katsina. Tashoshi masu zaman kansu kuwa ba su samu da sauƙi ba: a 1994 jami'an tsaro suka rufe Radio Eye a Accra saboda ta fara aiki ba da izini ba, sai daga 1995 ƙofa ta buɗe. Yau Kumasi tana da Zuria FM, Accra tana da Marhaba FM, ana jin Hausar zango a cikinsu safe da yamma. Duk da haka, abin da aka faɗa a rediyo jiya iska ta tafi da shi, sai ɗan abin da tasha ta ga damar adanawa.

Ke nan ga al'ummar da harshenta na kunne ne, shirin murya da ake ajiyewa kuma ake iya komawa gare shi yana tsayawa ne a matsayin da littafi yake tsayawa a wani wuri. A ɗauki misali guda. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙin da ba su da takardun zama, dokar da ta girgiza zanguna, ta raba iyalai, ta mayar da mutane da yawa Nijeriya da Nijar da ƙasar Mosi, wasunsu ba su taɓa ganin ƙasashen ba. Waɗanda suke samari da 'yan mata a lokacin yanzu sun haura saba'in. Idan an gayyaci ɗaya daga cikinsu gidan rediyo ya ba da labari, waɗanda suka kunna a wannan sa'a su kaɗai suka amfana. Idan aka ɗauki muryarsa aka ajiye a matsayin kashi na kaza na wani shiri mai suna, jikarsa da ke Hamburg ko Bronx za ta ji, ɗalibin da ke nazarin karin harshen Gananci a Legon ko Jami'ar Bayero shi ma zai samu bayan shekara ashirin. Harshen da ya kira waɗannan abubuwa biyu da suna ɗaya zai sa masu shi su ɗauka aiki ɗaya ne, sai a yi na farko a zaci an yi na biyu.

Ba a ce mutanen zango ba su san ajiyayyar murya ba. Zamanin kaset ya koya musu. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, sun ratsa iyakoki cikin jakunkunan direbobi da 'yan kasuwa, har da lambar kaset na ɗaya da na biyu da na uku. Bayan kaset aka koma tura karatu da waƙa a memori. Wanda ya taɓa sayen jerin kaset na tafsirin sura guda ya riga ya fahimci fodkas, abin da ya rage masa kawai shi ne ya san cewa shagon mai kaset ɗin yanzu yana cikin wayarsa, kuma yana iya zama mai shagon da kansa ba tare da ya nemi lasisi daga hukumar sadarwa ba. Wannan sauƙin yana da nasa haɗari, domin babu edita da zai tace magana, kuma ƙaryar da aka ajiye ta fi wadda aka watsa tsawon rai. Amma wannan batu ne na tarbiyyar aikin jarida, ba na sunan abin ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi shafar ɗalibin harshe: a ara ne ko a ƙirƙira? Masu kishin tsarkin harshe suna da misalai masu ƙarfi a hannunsu. Jirgin sama da jirgin ƙasa ƙirƙira ce da ta yi nasara. Manhaja, wadda a da tsarin karatu kawai take nufi, ta karɓi sabuwar ma'ana ba tare da gardama ba. Su Tonawa ma, kamar yadda fatake suke kiran mutanen Asante, sun raɗa wa rediyo suna akasanoma, wato tsuntsu mai magana, har aka yi akwatin rediyo ƙirar Gana mai wannan suna. Sai dai a gefe guda akwai "na'ura mai ƙwaƙwalwa", wadda ta yi shekaru tana fama a bakin masu karanta labarai, amma yaro in zai je kasuwa kwamfuta yake cewa zai saya. "Yanar gizo" ta fi ta sa'a, duk da haka intanet ba ta gushe ba. Abin da ake gani shi ne ƙirƙira tana cin nasara idan gajera ce kuma ta kama hoto guda, tana faɗuwa idan ta zama bayani.

A gwada wa fodkas. "Rediyon intanet" ya fi kowanne saurin zuwa baki, kuma shi ne mafi ɓatarwa, domin ya dace da tashar FM da take saka shirinta a intanet kai tsaye, wato ainihin abin da ake son a bambanta. "Shirin sauti na intanet da ake saukewa" daidai ne, amma ma'ana ce irin ta ƙamus. Babu wanda zai ce wa abokinsa ya fara irin wannan doguwar aba. "Taskar murya" tana da daɗin ji, ta kuma kama batun ajiya, sai dai ta fi dacewa da ɗakin adana tsofaffin faya-fayai na gidan rediyo, kuma taska suna ne da shirye-shirye da dama suka riga suka ɗauka. Tun da kalmar Ingilishin ta riga ta zauna a bakin masu yin abin da masu sauraren sa, daga Kumasi har Kano, hanya mafi dacewa ita ce a karɓe ta a yi mata kwaskwarima, a ajiye doguwar jimlar domin bayani a karon farko da aka ambace ta cikin rubutu.

Kwaskwarimar ce take da daɗin nazari, domin 'yar kalmar nan mai gaɓa biyu ta taka dokokin tsarin sautin Hausa har uku.

Na farko shi ne baƙin p, wanda babu shi a abacadar Hausa. Fasinja, famfo, fenti, fakiti, fasfo, firamare, farfesa, duk da p suka faro a Ingilishi. A nan ɗan Kumasi zai iya ɗaga hannu ya ce shi p ba ta yi masa wuya, tun da ya tashi yana faɗin Mampong da Prempeh, kuma Twi da yake ji kullum cike take da ita. Gaskiya ne, kuma babu mai hana shi furta ta. Amma harafin f na Hausa dama rumfa ce da ta rufe furuci fiye da ɗaya: wani yana fitar da shi da leɓɓa biyu a sake, wani yana matse su har ya zama p, Basakkwace da Ba'are kuma su ce hw. Rubuta f bai tilasta wa kowa sauya bakinsa ba.

Na biyu shi ne st na ƙarshe. Hausa ba ta rufe kalma da baƙaƙe biyu a jere. Ko dai ta ƙara wasali, kamar a siminti da banki da fenti, ko ta shafe baƙin ƙarshe, kamar a sajan da sakan. Kunne ya riga ya yanke hukunci a nan, domin da wuya a ji mai furta t ɗin, ko da Ingilishin Gana yake yi. Kas ake ji.

Na uku ya fi su zurfi, wato d da ta zo a ƙarshen gaɓa kafin k. Akwai wata tsohuwar doka ta sautin Hausa da ake jingina wa Bajamushen masani August Klingenheben, wanda ya bayyana ta a ƙarshen shekarun 1920. Wani sashe nata yana cewa baƙaƙe irin su t da d da ɗ, idan suka faɗo a ƙarshen gaɓa, sukan rikiɗe su zama r. Misalin da aka fi kawowa kuwa shi ne sunan mutanen da suka kafa zangon kansa: jam'i fatake, amma tilo farke, a karin yamma falke, domin t ɗin ta rasa wasalin da ke kare ta. Haka ɓata ta haifi ɓarna, kaɗa ta haifi karkaɗa. Da a ce kalmar ta shigo a zamanin ayari, da wataƙila forkas ko folkas za ta zama. Kuma akwai shaida a cikin kalmomin aro na baya-bayan nan, domin kalma guda ta Ingilishi mai wannan jeri na d da k ta ba da hedkwata da helkwata da shalkwata, dukkansu suna raye a jaridu. Wata hanyar ita ce saƙala wasali, kamar yadda aka yi a hedimasta, wanda zai ba da fodikas. Wanne za a rubuta? Fodkas ya fi cancanta a yanzu, saboda dalilin da ya sa hedkwata ta fi yawa a rubutu: mai karatu yana iya gane ta da ido, ya kuma haɗa ta da abin da yake gani a manhajar wayarsa. In bakin jama'a ya lanƙwasa ta zuwa wata siffa nan da shekara talatin, rubutu zai bi.

Da zarar an daidaita siffa, nahawu ba ya wahala. Kalmar ba ta ƙare da wasalin a ba, don haka namiji ce: fodkas ne, ya fito, ya yi tsawo. A zangon Kumasi wannan tambaya ba ta cika tasowa ba, domin ɗaya daga cikin sanannun siffofin Gananci shi ne raunin bambancin jinsi, inda "ya" da "ne" suke ɗaukar nauyin namiji da mace. Amma mai rubuta daidaitacciyar Hausa dole ya zaɓa. Tun da ta ƙare da baƙi, mahaɗinta ɗin ne, kamar kaset ɗin da bas ɗin: fodkas ɗin, fodkas ɗinsa, fodkas ɗin Aminiya. Jam'i yana iya bin tsarin kaset-kaset ya zama fodkas-fodkas, ko da yake "shirye-shiryen fodkas" ya fi sauƙi a harshe kuma ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Ingilishi yana mayar da kalmar aikatau, yana kuma fitar da sunan mai aikin daga cikinta. Hausa ba ta da bukatar bin sa: "yana yin fodkas", "mai fodkas", "mai gabatar da shirin" sun wadatar.

Sauran kalmomin sana'ar kuwa Hausa ta riga ta tanada, kuma a nan ne bai kamata a yi aro ko ɗaya ba. Kowane guda na shirin kashi ne. Jerin kashe-kashen da aka yi kafin a tafi hutu kuma zango ne, kamar yadda masu shirya wasannin talabijin irin su Kwana Casa'in na tashar Arewa24 suka saba rubutawa, zango na kaza kashi na kaza, kuma kamar yadda makarantu suke cewa zangon karatu. Kalmar da ta faro daga wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, ta zama tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, ta zama sunan unguwar baƙi a Kumasi da Accra da Tamale, ita ce kuma yanzu take auna tafiyar shirin murya. Matashin Alabar da ya sanar da "zango na biyu" na fodkas ɗinsa yana amfani da sunan unguwarsu ne a wata ma'ana da madugu ba zai yi mamakin ta ba.

Akwai wani sauyi da yake faruwa ga ma'anar kalmar wanda ya kamata ɗalibi ya lura da shi, ko da ba zai iya tsayar da shi ba. Tun da YouTube da TikTok suka zama manyan hanyoyin da ake cin karo da irin waɗannan shirye-shirye, matasa da yawa sun fahimci fodkas a matsayin bidiyon mutum biyu ko uku zaune a kujeru, kowa da ƙatuwar makirfo a gabansa, suna hira. A wannan fahimta makirfon ce alamar, ba ajiya ko jerin kashi ba. Ingilishi ma yana fama da wannan zamewa. Ba abin mamaki ba ne ta yi saurin kamawa a ƙasar Hausa, domin zaman hira tsohuwar al'ada ce mai suna a kowane gari: majalisa a Kano, fada a Damagaram da Yamai, bes a zangunan Gana inda ake dafa ataya har dare ya raba. Ɗora kyamara a gaban wannan zama abu ne mai sauƙi. Illar ita ce idan ma'anar ta ƙuntata ta koma "hirar bidiyo" kawai, za a rufe ido ga sauran abubuwan da tsarin yake iya ɗauka: darasin nahawu, karatun littafi babi-babi, tatsuniya, binciken jarida irin na shirin Serial da ya yi tashe a Amurka a 2014, ko tarihin unguwa daga bakin tsofaffinta. Galibin waɗannan ba sa bukatar hoto, kuma sauti zalla ya fi bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga mai sayen data da kuɗin cinikin yini a Kejetia.

Saboda haka mai fassara da ya tarar da kalmar a rubutun Ingilishi sai ya fara duba abin da marubucin yake nufi. In shirin da ake ajiyewa kashi-kashi ne, ya rubuta fodkas, ya bi shi da gajeren bayani sau ɗaya. In taro ne da ake haskawa yana gudana, ya rubuta "kai tsaye ta intanet", ko da marubucin Ingilishin ya yi sakaci da kalmarsa. In tasha ce ta yanko wani shirinta na safe ta ɗora domin wanda bai ji ba, to shirin rediyo ne da aka mayar fodkas, kuma jimlar tana bukatar aikatau biyu: an watsa shi ranar Litinin, an ɗora shi ranar Talata.